Saƙon Habboba a Cikin Fim

"Ka maimaita, Tijjani! An fasa me?"

Amna ta damƙe ƙarfen matattakalar gidansu da ke unguwar Abbasiya a Alƙahira.

"Habibti, ban ce an fasa ba... Yaya Ya'ƙub ne ya ce ba zai nema mini auren jikar 'yar fim ba."

"Wa ya kai masa?"

"Murja, ƙanwar matarsa. Ta tura masa guntun fim ɗin a waya, babu sauti. Habbobarki, kakarki, tana budurwa, riƙe da hannun wani namiji a kan gado."

Murja! Wadda shekara biyu ke nan tana aika wa Tijjani dambun nama har Azhar, yana mayar mata.

"Khalas, shi ke nan," in ji Amna tana share hawaye. "Ka kawo shi gobe bayan la'asar."

"Amnata, kin san halin Yaya..."

"Ka kawo shi, in dai kana sona!"

Washegari Malam Ya'ƙub ya zauna a bakin kujera, fuska a ɗaure, ko shayi bai taɓa ba. Hajiya Azumi, kakar Amna, ta dube shi ta saman tabarau.

"Ɗana, kai ne mai gudun jikata? Amna, sa mana faifan. Da murya!"

Hoton ya fito baƙi da fari, tas kamar jiya aka ɗauka. Wani attajiri na kwance yana jinyar ajali, 'yarsa na gefe, hasken taga ya raba fuskarta biyu.

Hajiya Azumi ta nuna 'yar attajirin. "Kun ga jarumar nan? Duk Masar ba mai idonta, amma da ni take cin ful, dafaffen wake, a kwano ɗaya. Attajirin kuwa, kafin a ɗauka sai ya yi kwana biyu ba ci, don muryarsa ta dushe. Shekarar hamsin da takwas ke nan. Ni 'yar aikin gidan darakta ce, daga Wad Madani ta Sudan aka taho da ni, shekara huɗu uwata ba ta san inda nake ba."

Sai ga yarinya siririya ta durƙusa a gaban gadon.

"Darakta ya ce, 'Ya Azumi, ki yi kuka da yarenku, ki faɗi ko mene ne, ba mai ganewa.' Fitilu na gasa ni, zaren ɗauka saura kaɗan, sau ɗaya tak za a yi. Ni kuwa na ce to!"

Yarinyar cikin fim ta buɗe baki, Hausa ta fito garau:

"Inna, ni ce Azumi. Ina raye, ina Alƙahira. Ban bar salla ba. Duk wanda ya ji wannan, don Allah ya gaya wa Hauwa mai ƙosai ta Wad Madani..."

Hajiya Azumi ta gyara tabarau.

"Jarumar ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma kukan nan nata da kuke gani na gaske ne. Darakta ma ya manta bai ce a tsaya ba."

"Saƙon... ya isa?" in ji Malam Ya'ƙub.

"Bayan wata takwas. Wani Bahaushe mai goro ya shiga sinima a Madani, ya fito da gudu ko takalmi babu. Inna da ba ta taɓa taka sinima ba, sau bakwai ta shiga. Kafin azumi wasiƙarta ta same ni."

Malam Ya'ƙub ya sunkuyar da kai. Shekara tara rabonsa da tasa mahaifiyar a Zariya.

Amna ta saci kallon Tijjani.

"Mama, ki yafe mini," in ji Malam Ya'ƙub a hankali. "Na yanke hukunci a kan abin da ban ji ba."

"Ma'alish, ba komai, ɗana. Yanzu jikata fa? In ajiye ta, ko in ba wani Basudane?"

"Habboba!" Amna ta rufe fuska da gyale.

Tijjani ya zabura. "Yaya, don Allah ka yi magana!"

Malam Ya'ƙub ya yi murmushi, ya gyara zama sosai a kujerar.

"Juma'a mai zuwa, in sha Allah. Ni da kaina zan karɓa masa."