Jakadan da Bai Cire Takalmi Ba

Minti goma kacal Zuwairatu ta yi da ganin Sha'aibu ta ji ta tsane shi har cikin ranta.

A watan Maris na 2005 ne, a wata sakandaren 'yan mata a Lafia, inda take koyar da darasin gwamnati. An gayyato shi ya yi wa ɗalibai bayanin aikinsa. Ɗan Doma ne, ya yi digiri uku kan hulɗar ƙasa da ƙasa, ya koyar a jami'a, sannan ya koma aikin diflomasiyya a Abuja. Ya shigo cikin baƙar kwat a wannan zafin da ko ƙadangare ke neman inuwa, yana magana kamar shi ya raba duniya ƙasa-ƙasa.

"Babu rikicin da ba ya warwaruwa," in ji shi, "matuƙar an zauna a tebur an rubuta komai a takarda."

Zuwairatu ta ɗaga hannu daga bayan aji.

"Malam Jakada, wanda bai iya karatu ba fa, a ina zai sa hannu? Mu nan idan an ɓata, dattawa ke zama gindin mangwaro su gyara. Ban taɓa ganin tebur a wurin ba."

Ɗalibai duk suka waiwayo. Ya dube ta ta saman tabarau.

"Ban zama jakada ba tukuna, Malama. Amma na ga an riga an naɗa shugabar 'yan adawa."

Aji ya ɗauki dariya, ita kuwa ko murmushi ba ta yi ba. Da aka tashi ya nemi lambarta wurin shugabar makaranta, wai yana son ƙarasa muhawarar. Washegari saƙo ya shigo wayarta.

"'Yar Adawa, na sake duba tambayarki. Ba ki da gaskiya, amma kin hana ni sukuni."

Ta amsa: "Jakada, ka cire kwat ɗin nan, wataƙila iska ta shiga kanka ka gane."

Haka aka fara. Shekara guda suka yi suna faɗa, ta waya a ranakun aiki, ido da ido duk Asabar ɗin da ya zo daga Abuja. Sun yi musu kan iyakokin ƙasashe, sun yi musu kan ko sakwara ta fi tuwo. Ita ba ta san ranar da tsanar ta juye ba. Ta dai lura duk Asabar ɗin da bai zo ba, har ɗalibanta sai sun gane ranar Litinin, don faɗa take yi ba dalili.

Wata rana da la'asar a ƙofar gidansu ya ce, "An tura ni Dakar. Saura sati shida. Ba na son tafiya ba tare da abokiyar gabata ba."

"Wannan neman aure ne ko sanarwar yaƙi?"

"Duka biyun, Zuwai."

Ta sunkuyar da kai. "To ka nemi izinin Baba."

Ba ta yi masa ƙarin bayani ba, don ba ta zaci akwai ɗan ƙasar nan da bai san yadda ake yi ba.

Mahaifinta, Alhaji Ya'akubu, babban dillalin doya ne a Lafia. Ranar Lahadi da hantsi yana zaune kan tabarma a zauren gidansa da ke Bukan Sidi, tare da tsohon amininsa Iorkyaa, wani manomi Tibi da ke kawo masa doya shekara talatin. Zuwairatu tana tsakar gida ta ji sallamar Sha'aibu. Ta leƙa ta bayan labule, tana sa ran ganin dattawa da goro.

Shi kaɗai ne, da fayil a hammata.

Ya tako tabarmar da takalminsa, ya miƙa wa Alhaji hannu a tsaye, ya buɗe fayil ɗin. Takardun digirinsa ne, da takardar ɗaukarsa aiki, da wata wasiƙa mai shafi biyu da ya buga da inji, inda ya jera dalilan da suka sa ya dace da 'yarsa.

Alhaji bai karɓi hannun ba. Ƙafafunsa yake kallo.

"Yaro, daga sama ka faɗo? Ba ka da uba?"

"Ya rasu, Alhaji."

"Allah ya ji ƙansa. Ƙanen uba fa? Ko duk danginku ruwa ya tafi da su?"

"Ni nake wakiltar kaina. Na ga kamar hakan ya fi sauri."

"Sauri." Alhaji ya juya wurin Iorkyaa. "Ka ji? Ko doya ba na sayarwa ga wanda ban san mutanensa ba. Kai, kwashe takardunka. Wanda bai san yadda ake shiga zaure ba, shi ake turawa ya shiga fadar wasu ƙasashe? Idan ka bar ƙasar nan magabatanka ba su zo ba, maganar ta mutu. Akwai masu nema, kuma su da iyayensu suka zo."

Gaskiya ya faɗa. Wani mai motocin haya ya turo mutanensa sau biyu, Alhaji yana jan ƙafa ne kawai saboda ya san inda zuciyar 'yarsa take.

Zuwairatu ta shige ɗaki cikin takaici, ta rubuta masa: "Digiri uku, amma ba ka san ana cire takalmi ba. Ka kunyata ni a gaban ubana. Kada ka kira ni."

Ya kira. Sau bakwai. A na takwas ta ɗauka don ta ƙarasa wanke shi, sai ta ji muryarsa ba irin wadda ta sani ba.

"Ina da baffa a Doma, Baffa Yahya. Shekara goma ba mu yi magana ba."

Ya ba ta labari. A 1996 mahaifinsa ya rasu, lokacin shi Sha'aibu yana ƙasar waje yana jarrabawa. Bai samu jana'iza ba, bai samu zaman makoki ba. Maimakon ya zo da ya dawo, sai ya rubuta wa baffan wasiƙa mai tsawo da Turanci, yana bayyana uzurinsa. Baffan ya aiko masa da cewa daga ranar ba shi da ɗa mai suna Sha'aibu.

"Baffan naka ya yi boko?"

"A'a."

"Kai wane irin mutum ne?" Hawaye ya zubo mata, na haushi da na tausayi a haɗe. "Kana sasanta mutanen da ba ka taɓa gani ba, naka na nan kusa ka bar shi da takarda. Ka tafi Doma. Ka tafi da ƙafarka da bakinka, ka bar fayil a mota."

"Zai kore ni."

"Ya kore ka mana. Ni ma ai na kore ka, ga ka nan."

Daga ranar ba ta sake jin ɗuriyarsa ba. Kwana ɗaya, biyu, biyar. Wayarsa a kashe. Mutanen mai motoci suka dawo karo na uku, Alhaji ya ba su wurin zama har da lemo. Zuwairatu ta yanke cewa girman kai ya ci shi, ya koma Abuja yana haɗa akwati. Ta tura saƙon da ta san ba zai shiga ba: "Na gode da ka nuna mini kai jakadan kanka ne kawai. Allah ya kiyaye hanya."

A rana ta takwas Iorkyaa ya kawo doya. Ya same ta tana shara a ƙofar gida, ido a kumbure.

"Yarinya, wancan mutum naka mai kwat, na gan shi a hanyan Doma."

Ta ci gaba da shara. "Ba nawa ba ne."

"To ko na wane ne, yana cikin gona da galma, yana huɗa wa wani tsoho. Hannu duk ya fashe. Huɗan ma a karkace, doya ba zai so shi ba. Tsohon yana gindin bishiya, ko kallonsa ba ya yi. Sun ce kullum haka, tun safe."

Tsintsiyar ta faɗi daga hannunta. Sai a lokacin ta tuna gonakin can babu sabis.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, wata tsohuwar mota ta tsaya a ƙofar gidan. Dattawa uku suka fito da ƙullin goro, wani dogon tsoho mai farin gemu a gaba. Sha'aibu bai shigo ba. Can nesa ya tsaya gindin darbejiya, cikin farar shadda da hula, kamar yadda mai nema ke yi.

Zuwairatu ta koma bayan labulenta. Bayan doguwar gaisuwa, Baffa Yahya ya ciro wata ambulan da ta yi ja don tsufa, ya ajiye a tabarma. Ba a taɓa buɗe ta ba.

"Alhaji, na ji ya kawo maka irin wannan. Ni tawa ta shekara goma a ƙasan akwati. Ba ita nake jira ba, shi nake jira. Yanzu ya zo, ya durƙusa, ya yi kuka a kabarin ubansa, ya kuma ɓata mini rabin gona. Ɗana ne. Wawa ne, amma ba mugu ba ne. Muna nema masa."

Alhaji ya dubi ambulan ɗin. Sannan ya miƙa hannu ya jawo goron gabansa.

"Wautar na gani da idona. Sauran na karɓa a bakinka."

An ɗaura auren saura kwana tara ya tashi. Iorkyaa ya kawo doya mota guda, ya ce ba daga huɗar ango aka haƙo ta ba, kowa ya ci hankali kwance.

Ranar da za su tafi suka je sallama. Tun daga bakin titi Sha'aibu ya cire takalmi, ya tako tsakuwa da ƙafa, ya durƙusa nesa da tabarma. Alhaji ya kira shi kusa, ya dafa kansa, ya dafa na 'yarsa.

"Can inda za ka, ka sa takalminka, ka tsaya da tsayinka, kada ka durƙusa wa kowa. A nan kawai nake so ka cire. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a masu jin magana fiye da ku biyun nan."

A cikin mota, suna barin Lafia, wayar Zuwairatu ta yi ƙara. Daga mutumin da ke zaune kusa da ita ne.

"'Yar Adawa, na amince. Gindin mangwaro ya fi tebur. Za ki sa hannu a tsagaita wuta?"

Ta kamo tafin hannunsa da bai gama warkewa ba, ta riƙe a cinyarta, ta rubuta da ɗaya hannun.

"A'a, Jakadana. Da bakinka za ka roƙa, kullum, har mu tsufa."