Bashin da Aka Ɗora wa Mai Agogo

Da hantsi matar mai gyaran agogo ta zo ofishin 'yan sanda. Wata biyu ke nan da rasuwar mijinta. Ta ce an shiga shagonsa, ba a fasa kwaɗo ba, ba a taɓa kuɗi ba. Littafin da yake rubuta cinikinsa kawai aka ɗauke.

Sufeto ya tambaye ta me ya sa littafi ya tayar mata da hankali haka.

"Ranka ya daɗe, tun da aka binne shi ake cewa ya mutu da bashin mutane, wai yana cire kayan cikin agogo masu kyau ya sa na banza. 'Yata ta daina zuwa makaranta saboda gori. Littafin nan kaɗai zai wanke shi."

Da suka isa shagon, kofur ɗin da ya rako Sufeto ya leƙa, ya ja da baya, ya ce shi zai tsare ƙofa. Agogo sun fi arba'in a bango, babu mai motsi ko ɗaya. Duk sun tsaya a kan ƙarfe uku da minti ashirin. Matar ta ce jiya da yamma da ta zo shara ta bar su suna aiki.

Sufeto ya tambayi yadda mijin ya rasu. Ta ce zuciyarsa ce. Wajen ƙarfe biyar ta kawo masa abinci ta same shi kwance shi kaɗai, ƙofa a rufe, ya cika kafin a kai asibiti.

A gaban durowar da ake ajiye littafin, Sufeto ya shafo wani garin ƙarfe mai ƙyalli da yatsa.

Tun da ba a fasa kwaɗo ba, Sufeto ya nemi ƙanen marigayin don jin ko yana da makulli. Da farko mutumin ya rantse ba shi da makullin shagon. Da aka ce matar wansa ta ce yana da shi, sai ya fara share gumi. Ya ce maƙwabcin shagon, mai yanka makulli, shi ya gaya masa yana bin marigayin kuɗi masu yawa, kuma zai yafe idan aka bar masa shagon.

"Na ara masa makullin na awa ɗaya ya duba kaya. Kunya ce ta hana ni faɗa."

Mai makulli yana gaban injinsa, hannayensa duk garin ƙarfe. Ya tarbi Sufeto da fara'a, ya ce rabonsa da shagon tun ranar jana'iza.

"Ka ji labarin agogunan?" in ji Sufeto.

"Na leƙa ɗazu, yallaɓai. Abin tsoro. Daidai lokacin da ya faɗi suka tsaya. Haƙƙin mutane ne ke binsa."

"Wa ya gaya maka lokacin da ya faɗi? Sai ƙarfe biyar aka tsince shi."

Kofur ya ɗaga injin, ga littafin a ƙasa. Shafi bayan shafi, sunan mai makulli ne, da kuɗin da marigayin ya ranta masa.

Mai makulli ya zauna a ƙasa ya faɗi komai. Ranar da abin ya faru, marigayin ya nemi kuɗinsa, suka yi musu, ya dafe ƙirji ya faɗi. Shi kuwa ya dubi agogo, ya ja ƙofa ya koma aikinsa. Daga baya ya baza maganar bashi, ya yanka irin makullin da aka ara masa, ya saci littafin.

"Amma wallahi ban taɓa agogunan ba," in ji shi. "Ina buɗe durowar suka yi shiru gaba ɗaya."

Sufeto bai rubuta wannan ba.

Za a sa shi a mota matar ta tare hanya. Ta ce ba a ofis aka ɓata sunan mijinta ba, a layin nan ne. Sufeto ya dube ta, ya ce wa kofur ya dakata.

Aka bi da mai makulli shago-shago da ankwa a hannu. A kowace ƙofa sai ya tsaya ya ce, "Ba a binsa ko sisi. Ni yake bi."

Babu wanda ya iya haɗa ido da ita.