Zaren Mayafi A Kan Gilashi

Auta na ƙoƙarin cusa rigar barcinta a ƙasan kwandon wanki sai ga mijinta ya shigo neman makullin mota.

"Me ake ɓoye mini, Autata?"

Sai hawaye. Ta nuna masa tabon: wani ruwa ne jaja-ja ke fita daga nononta na hagu, alhali ba ciki ba goyo.

"Injiniya, don Allah kada kowa ya ji, ko da Ummarka ce, sai mun san mene ne."

"Haba! Wallahi daga ni sai ke."

A ƙaramin asibitin unguwa, nas ta sa safar hannu, ta danna gefen kan nonon a hankali har ɗigo ya fito. Ta tare shi da wani siririn gilashi, ta shimfiɗa ɗigon da wani gilashin, nan take ta tsoma cikin kwalbar sifirit tun bai bushe ba. Ta rubuta "hagu", ta rufe gam.

"Ba mu da lab a nan," ta ce wa Injiniya. "Ka kai babban ɗakin gwaji kai tsaye, a duba ƙwayoyin da ke ciki. Kada a buɗe, kada a taɓa fuskar gilashin."

Ya sauke Auta a gida, ya wuce da kwalbar.

Washegari yayarsa, Anti Babba, ta zo da jaririyarta. Auta ta miƙa hannu za ta karɓe ta kamar kullum, Anti ta janye 'yarta, idonta a kan ƙirjin Auta.

"Bar ta kawai. Sannu da jiki, ko?"

Auta ta zargi mijinta, amma ta danne zargin. Ai ya rantse!

Da ta je karɓar sakamako, mai gwajin ta girgiza kai.

"Ki yi haƙuri, sai an sake ɗauka. An goge gilashin nan. Abin da na gani a madubin gwaji zaren ƙyalle ne kawai, kore, mai ɗan ƙyalli."

Kore mai ƙyalli! Nan take Auta ta gane shi. Ita da kanta ta zaɓo wa surukarta wannan mayafin.

Tana shiga falo ta tsaya a kan Injiniya.

"Ina ka biya da kwalbar?"

"Lab mana... me ya faru?"

"Lab ɗin ne ke yafa koren mayafi?"

Ya sunkuyar da kai. "Sori, Auta. Umma ce ta kira ni a hanya, ta ji muryata ba daidai ba. Na tsaya na nuna mata, Anti Babba na wurin. Ta zaro gilashin, ta ce ita datti kawai take gani, ta goge don ta gani da kyau. Na kasa hana ta, na mayar da shi haka."

"Ka mayar! Ka bar ni ina kwana ina tashi da fargaba, ina jiran sakamakon mayafi! Jikina fa aka yi ta miƙawa hannu zuwa hannu a tsakar gida. Sai me suka ce?"

"Wai ciwon daji ne... wai in mayar da ke gidanku tun kafin ki kwanta mini."

"Kai kuma ka ce me?"

Shirun da ya yi ya fi goge gilashin yi mata ciwo.

Ta yi kuka har idanunta suka kumbura, amma ba ta haɗa kaya ba. Nas ta ce kada ta matsa, kada ta shafa komai, ta jira ruwan ya sake taruwa. Ta jira, tana dafa masa abinci, gaisuwa kaɗai ke haɗa su.

Ranar da aka sake ɗauka, ita ta rungume kwalbar a cinya, shi yana tuƙi. Wayarsa ta yi ƙara: Umma. Auta ta kau da kai. Ya ɗaga, ya buɗe muryar wayar don Auta ta ji.

"Ka biyo da gilashin in gani," in ji Umma.

"Umma, ki gafarce ni, ba zan biyo ba. Na ci amanar matata sau ɗaya, ya isa. Kuma ko me gwajin ya nuna, ba inda za ta. In jinya ce, ni zan yi."

Auta ta ƙara rungume kwalbar. Amma da suka isa ƙofar ɗakin gwajin, sai ta miƙa masa kwalbar.

"Kai za ka shigar."

Ba a ga ƙwayar daji ba. Hoton da likita ya sa aka yi ya nuna ɗan tsiro ne a hanyar nono, aka cire shi. Umma ta zo dubiya a kunyace, ta kasa haɗa ido da ita. Auta ta riga ta gaisuwa, ta gyara mata wurin zama.

Haƙurinta ya dawo mata da mijinta, shi kuwa sai da ya daɗe yana gyara abin da ya ɓata. Sirrin rashin lafiyar mace amana ce a hannun mijinta: in an ba ka, ka kai shi inda magani yake, kada ka ratse da shi ko da gidan da aka haife ka ne.