Cikon Talatin

Lauratu na tankaɗen gero mijinta Sha'ibu ya shigo, ya jefar da rajistar lakwal, wato makarantar boko, kan tabarma.

"Ashirin da tara! Kuma gobe mai duba makarantu zai taho daga Ƙonni. In yara ba su kai talatin ba a rufe lakwal, ni a jefa ni can gabas."

Shekarar da ta biyo bayan fari ce. Rabin ƙauyensu na kusa da Dogarawa ya kwashi iyali ya yi kudu, 'yan yaran da suka rage kuma ana tura su cikin rumbu da zarar an hango mushe Sha'ibu, malamin lakwal ɗin. Mata har habaici suke wa Lauratu a bakin rijiya: mijinki ya kwashe na mutane, tasa ɗiya ya ɓoye!

Gaskiyarsu ce kuwa. 'Yarsu ta fari, Gimbiya, tun yaye take hannun Malam Labbo, mahaifin Lauratu, wanda dama bai taɓa son aurenta da ɗan boko ba. Ya kuma rantse in aka ɗauke Sha'ibu daga garin, Lauratu ba za ta bi shi ba, sai dai ya sake ta.

"Ina zan sa kaina in babu ke?" in ji Sha'ibu.

Ta share hawaye, ta ja mayafi, ta nufi gidan ubanta.

Ta tarar da tsohon a zaure cikin dattawa, ta durƙusa.

"Baba, yarinyar nan na zo a ba mu, a rubuta ta."

"Wace yarinya? Gidan ga yara bakwai ne!"

"Waccan… ta wajenka."

Malam Labbo ya yi dariyar mugunta. Ya san 'ya mai tarbiyya ba ta kama sunan 'yar fari, ko a ɗaki, balle gaban ubanta.

"Kun ji ta! Ɗan nasara ya aiko ta. To in ɗiyarki ce, kira ta da sunanta ta hito. In ba ki iyawa, tashi ki ba ni wuri!"

Shekara bakwai Lauratu ba ta taɓa furta sunan nan ba. Ta ɗaga murya:

"Gimbiya! Gimbiya, zo!"

"A'uzubillahi!" in ji wani dattijo. "Boko ya cinye kunya!"

Yarinyar ta leƙo da mamaki, don ba ta taɓa jin sunanta a wannan baki ba.

"Marar kunya!" Malam Labbo ya daka tsawa. "Ɗauke ta! Amma kar ƙafarki ta sake taka gidan ga!"

Ya riga ya faɗa gaban shaidu, ba damar janyewa. Da safe Gimbiya ta ɗora hannu bisa ka ta kamo kunnenta, alamar ta isa shiga aji, aka rubuta ta cikon talatin. Lakwal ta tsaya, Sha'ibu ya tsaya.

Wata goma sha ɗaya Lauratu na zuwa gaida uban kowace Juma'a, tana durƙusawa a ƙofar gida, yana juya mata ƙeya. Ba ta fasa ba, ba ta kuma mayar da magana ko sau ɗaya ba. Ranar sallar layya ya dube ta ya ce, "Rana na dukanki. Shigo ciki."

'Yan mata, ku ji da kyau. Kunya ado ce, amma kada ku bari a ɗaure ku da ita a rushe muku gida. In kuma dole ta sa kun ɓata wa iyaye, ku yi ta komawa ƙofarsu har su huce.