Jana'izar 'Yar Tsana

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wata marainiya ce 'yar shekara shida, ana ce mata Sarkin Tambaya. Ranar da uwarta ta rasu aka kulle ta a ɗaki, wai yara ba sa ganin gawa. Ta kafar ƙofa ta hango ana shiga da ruwa da farin ƙyalle. Daga nan aka kai ta gidan kawunta direba, matarsa ta mayar da ita baiwa: shara, wanke-wanke, goyo, kwana a bakin kicin... Dukiyarta duka 'yar tsanar tsumma ce da uwarta ta ɗinka.

Sai jaririn gidan ya kama amai ba tsayawa. Ana cikin haka matar kawu ta iske yarinyar a bayan ɗaki tana haƙa rami, ga 'yar tsana naɗe da farin ƙyalle.

"Ashe ke ce! Ɗana kike binnewa, mayya."

Ta zane ta da wayar wuta, ta hana ta abinci, ta rantse cewa da zarar kawu ya dawo daga tafiya sai gidan marayu. Yarinya ta yini kuka tana kiran Allah.

Kaka, uwar kawu, ta zo dubiya, ta durƙusa kusa da ita.

"Ƙawata, ke da rami kuma? Gyaɗa kike shukawa?"

"Kaka, so nake in sani... In an rufe mutum yana jin sanyi? Kullum sai na tono 'yar tsanata na duba. Duk wanda na tambaya labarin Mama sai ya ce in yi shiru."

Hawaye suka zubo wa tsohuwa. "Mu ma haka muka yi. Duk abin da manya suka ɓoye mana, aure ne, haihuwa ce, mutuwa ce, a kan 'yar tsana muke gwadawa."

A asibiti likita ya tambayi abin da jariri ke sawa a baki. Aka kawo wata motar wasa da uwarsa ta sayo masa, duk ya tsotse fentin. Ashe gubar fentin ce ta sa shi amai.

Jariri ya warke. Kawu ya dawo ya ga shatin waya a bayan yarinya, ya tura matarsa gidansu, kuma har yau kunya ba ta bar ta ta dawo ba. Kaka ta ɗauke jikarta, ta ba ta labarin uwarta har ta ƙoshi, a hannunta ta girma.