Gidan da Aka Ƙirga Ban da Mai Shi

Ranar da masu ƙirgar gidaje suka shigo lungun Takari da ke gangaren wani dutse a Makka, Ummulkhairi tana durƙushe a bakin murhu, hayaƙi ya jiƙa mata idanu. Nan ne makwancinta tun da Allah ya karɓi ran mahaifinta Mukhtaru. Ɗaki biyu ya gina da hannunsa bayan ya iso Makka a ƙafa ta Sudan, a nan aka haife ta, daga baya ya rage shi da ita kaɗai, sai ga ƙanensa Dawuda ya iso da iyali goma sha ɗaya. Marigayin ya buɗe masa ƙofa. Yanzu gidan mutum biyu ya koma na mutum goma sha uku, marainiyar ce kuma ba ta da wurin shimfiɗa tabarma!

Za a rushe lungun a fitar da hanya, kowane mai gida za a ba shi fili a unguwar Utaibiyya. Jami'in ya tsaya a ƙofa, maƙwabta sun kewaye shi, ya nuna ta da alƙalami. "Wannan fa?"

"'Yar aiki ce, ya shaihu," in ji Baffa Dawuda, ko ƙifta ido bai yi ba. "Tsintar ta muka yi. Kada a rubuta ta."

Ummulkhairi ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ɗago ta dubi matan da suka yi mata kitso tana ƙarama, duk suka sunkuyar da kai. "Baffa... ni ce fa, 'yar yayanka..." Ta ja mayafi ta rufe fuska, hawaye na ɗiga a ƙirjinta. Kafin la'asar an ajiye mata ƙullin kayanta a waje. Wata uku tana fakewa a wata rumfar kwano, tana wanke-wanke a gidajen mutane, in ta hango ɗan unguwarsu sai ta sauya hanya don kunya, kamar ita ce ta yi ƙaryar. "Ya Allah, kai ka san ɗiyar wa ce ni," abin da take maimaitawa ke nan a sujada.

Ranar rabon filaye, umda, wato mai unguwa, ya kira sunan Dawuda. Sai wani tsoho ya miƙe da sanda, Mailafiya mai ɗiban ruwa, wanda bai daɗe da tashi daga jinya ba.

"Wallahi ba za a yi haka ina numfashi ba! Ni na ɗauko wa Mukhtaru ruwan da ya kwaɓa ƙasar gidan nan. Ina wurin aka raɗa wa 'yarsa Ummulkhairi suna. Ku da kuka ci tuwon sunan, ina bakunanku suke?"

Sai tsohuwa Hajara ta fashe da kuka. "Gaskiya ya faɗa... tsoron Dawuda ne ya rufe mana baki. Mun ci amanar maraya!"

Umda ya soke sunan Dawuda a gaban jama'a, ya sa aka nemo Ummulkhairi. Ta zo hannunta da sauran kumfar sabulu. Baffan nata ya kasa ɗago kai, rawaninsa ya warware ya faɗi, babu wanda ya ɗauka masa. Da aka miƙa mata takardar filin, ta kasa karɓa don kuka, sai da Hajara ta riƙe mata hannu.

"Rubuta sunan ubanta a jikin nata," in ji Mailafiya yana duban umda. "Da babbar murya kuma ka karanta, kowa ya ji."