Ƙugiya Babu Tana

La'asar ta yi sanyi sa'ad da Sulle ya saɓa filafili da gora ya gangara bakin Challawa, zai tura kwale-kwalen da ya gyara cikin ruwa. Zamanin Turawa ne, ƙarshen damina, gyaɗa ta kusa isa cira a gonakin Karaye. Masu dawowa daga gona suna yi masa sannu yana amsawa, amma da za ka tsare shi ka ce wa ya gaishe shi, ba zai iya faɗa maka ba.

Haka ya koma tun bazara, da matarsa Sakinatu ta rasu a kan gwiwa, aka binne ta da abin da ke cikinta. Bai yi kuka ba. Mutane suka yi ta yabon tawakkalinsa, alhali ba tawakkali ba ne, zuciyar ce ta mutu kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. In wansa Ɗanjuma ya tura masa tuwo ya ci, in an manta da shi ya kwana haka, duk ɗaya ne a wurinsa.

Shi ya sa da wani Baturen gyaɗa ya zo neman masassaƙin da zai tayar masa da jirgi, Ɗanjuma ya tura ƙanensa, ko aiki ya ɗauke masa hankali. Tsohon kwale-kwale ne na maɗaci, cikinsa ya tsage, gara ta cinye bakinsa. Sulle ya fafe ruɓaɓɓen wurin da gizago, ya sassaƙa katako ya dasa, ya cusa tsumma a tsagar, ya bi da tafasasshiyar kwalta. Hannu dai bai manta aikinsa ba.

Mai Bulala ake ce wa Baturen, saboda siririyar sandar kamun kifinsa da yake kaɗawa a iska. Shi ba ya sa tana. Gashin zabo yake naɗawa jikin ƙugiya har ya yi kama da ƙwaro, ya wurga saman ruwa, kifin tsage ya taso ya cafka. So yake Sulle ya iya aikin, don in abokansa sun zo daga Kano ya riƙa kai su. Ya koya masa yadda ake riƙe jirgi kada ya motsa, da sunkuyawa in zare ya taho, da yadda ake jan gashin a kan ruwa.

"Ja kaɗan. Tsaya. Ja kaɗan," in ji shi da gurguwar Hausarsa. "Kifi shi gani, shi ce abu yana da rai."

A bakin kogi Sulle ya tarar da Sarkin Ruwa Muntaka, tsohon da ke shugabantar masunta, yana ɗinkin komar kamun kifi. Suka gaisa. Tsoho ya dubi Baturen da ke can gefe yana haɗa sandarsa, ya rage murya.

"Ina za ku?"

"Gurbin baƙin dutse, Baba."

"Da wannan ƙugiyar?" Ya ajiye komar. "Mu tun kakanni ba mu jefa ƙugiya tsirara a gurbin nan. Ka ba da tana, a ba ka kifi, ciniki ne. Ko kifin ya kuɓuce, ya ci wani abu. Wannan kuwa ka nuna wa mai yunwa abinci ne, alhali gashi ne. Masu wurin suna kallo, kuma ba su da wuyar koyo. Ka soka ko guntun tana a bakinta, shi ba zai lura ba."

"To, Baba."

Ya ce to, irin to ɗin da yake ce wa kowa. Ba raini ba ne, ba taurin kai ba ne. Kafin ya tura jirgin maganar ta zube daga kansa.

Jirgi bai yi yoyo ba. Suka bi ruwa, warin kwalta yana tashi, kwaɗi sun fara kuka a cikin ciyayi. Da suka isa gurbin, Sulle ya sauka a gefen da ruwa ke iya gwiwa, ya riƙe gindin jirgin yadda aka koya masa. Bature ya miƙe ya shiga kaɗa sandarsa. Zare yana wucewa, fiii, gashin zabo yana sauka a hankali. Tsage ya cafka. Wani ma ya cafka. Bature sai dariya yake yi shi kaɗai, kifaye suna bugun cikin jirgi da wutsiya.

Rana ta yi ja. Can nesa wani ya fara kiran sallar magariba.

Sai kwaɗin suka yi shiru, gaba ɗaya, kamar an rufe su da ƙwarya.

Warin kwalta ya ɗauke. Wani ƙamshi ya maye gurbinsa, na man kaɗe da hayaƙin kara. Sulle ya san shi. Ƙamshin zanen Sakinatu ne in ta tashi daga gindin murhu.

Ya ɗaga kai.

Tana tsaye a ɗaya gefen gurbin, inda ruwa ya yi baƙi. Zanen saƙinta ne, ɗaurin kallabinta ne. Ga goyo a bayanta, kan yaron a lulluɓe.

"Sulle," ta ce, a hankali.

Sakinatu ba ta taɓa kama sunansa ba, har ta koma ga Mahaliccinta. Ya lura da wannan. Ya saki jirgin.

Ruwa ya kai masa cinya. Sanyinsa bai dame shi ba. Ta ɗan ja baya, ba tare da ta ɗaga ƙafa ba. Ta tsaya. Ta sake ja kaɗan.

Ya gane irin jan nan. Hannunsa ya iya shi.

Ruwa ya kai ƙugu. A jan hasken da ya rage ya hango wani siririn abu yana ƙyalli daga ƙeyarta, ya miƙe ya nutse cikin gurbin. Ƙarƙashin wurin akwai wani duhu mai faɗin ɗaki, ba ya motsi, yana jira.

Bai ji tsoro ba, wannan shi ne abin tsoron. Ya san ba ita ba ce. Amma bai taɓa ganin fuskar ɗansa ba, ga shi kuma ta ɗora hannu a kan majanyi.

"Zo ka gan shi," ta ce.

Ruwa ya kai ƙirji. Bayansa Bature yana ta ihu, jirgi yana juyawa da shi, muryar tana zuwa kamar daga wani gari.

Ruwa ya kai haɓa. Yashi ya ƙare a ƙarƙashin ƙafarsa.

Fiii.

Wani zafi ya tsaga masa kunne har cikin ƙwaƙwalwa. Ƙugiya ce, Bature ya wurgo ta ta kama shi. Rabonsa da jin zafin wani abu tun bazara. Bakinsa ya buɗe da kansa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Matar ta lanƙwashe. Babu fuska, babu hannu, tarin gansakuka ne da ruɓaɓɓen tsumma. Aka fizge tarin ƙasa da ƙarfi, ruwa ya rufe, wani abu mai santsi ya goga ƙafar Sulle ya wuce.

Ya damƙi zaren da hannu biyu, Bature yana ja, har ya kama wuyan rigarsa ya kifa shi cikin jirgi a kan kifaye.

Bature bai ga komai ba, sai mutum yana tafiya cikin ruwa. Ya ce zazzaɓi ne, ya ba shi ƙwayar magani mai ɗaci, bai sake neman jirgi ba har aka gama awon gyaɗa ya tafi. A daren ne Sulle ya yi kukan da bai yi ba, har maƙwabta suka taru. Kowa ya ce alhamdu lillahi, ya dawo cikin mutane.

Amma duk rana ta yi ja, sai a neme shi a rasa. An ba shi rubutu ya sha, an kulle shi a ɗaki ya ɓalle ƙyaure. Da Ɗanjuma ya rasa yadda zai yi, sai ya riƙa raka shi bakin gurbin, ya ɗaura masa igiya a ƙugu, ya ɗaure ɗaya bakin a gindin wani gawo, shi kuma ya zauna ya ba ruwa baya yana jan carbi har duhu ya fara.

Wata rana Ɗanjuma yana ƙulla igiyar, ya ce, "Sulle, ka san fa ba ita ba ce."

"Na sani, Yaya."

Bai ɗauke ido daga gurbin ba.

"Jiya ta fara kwance goyon. Don Allah ka ƙara mini igiyar, ko kamu ɗaya ne."